Ciwon Fitsari: Kada Kunya Ta Kai Ɗan'uwa Kabari

A Boɗinga da Shagari, kamar sauran garuruwan Jihar Sakkwato, mutane da yawa sukan kira kowane zafin fitsari "ciwon sanyi". Sai mutum ya sayi kafso biyu ko uku a kyamis, ya haɗiye, ya yi shiru don kunya. Hausawa kuwa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Yawanci ƙwayar cuta mai suna E. coli ce ke shiga mafitsara. In ta haura zuwa ƙoda, sai zazzaɓi da rawar ɗari, ciwon kwiɓi da amai. Tsoho kuma yakan rikice. Daga nan tana iya shiga jini ta kashe mutum cikin 'yan kwanaki. Waɗanda suka fi shiga hatsari su ne masu ciwon sukari, mata masu juna biyu, dattawan da fitsari ke riƙe musu, da waɗanda aka sa wa robar fitsari. Masu shiga ruwan fadama da madatsar Shagari su lura da tsargiya, gama takan lalata mafitsara.

Irin wannan sai an kwantar da mutum. Akan ɗebi fitsari a kai awo tukuna, sa'an nan a fara allura ta jijiya, kamar ceftriaxone. Bayan kwana 2 ko 3 awon yakan nuna maganin da ƙwayar ke ji. In jiki ya yi sauƙi, a koma na haɗiya har a cika kwana 7 ko fiye. Wanda abin ya tsananta akan tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Shan magani rabi-rabi shi ke sa ƙwayoyin cuta su kangare. An ƙiyasta cewa a 2019 irin waɗannan ƙwayoyi sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya.

'Yan'uwa, ga aikin ikkilisiya. Zumuntar mata da dattawa, in kun je gaisuwa, ku yi addu'a, ku kuma tambaya ko akwai kuɗin sauran allurai, gama a nan ne masu jinya da yawa ke yankewa su koma gida. Mai jinya ya faɗa wa likita dukan abin da aka sha, har da jiƙo. Luka, wanda ya rubuta mana Bishara, likita ne. Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.