Ko ka san farantin sola ba ya son zafi?

Da yawa daga cikin masu noman rani a Maska da Funtuwa sun ɗauka cewa zafin rana ne ke tuƙa famfon sola. Abin da farantin yake ci haske ne, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi. Ƙarfin da ake rubutawa a bayan farantin, an auna shi ne a digiri 25 na ma'aunin Salshiyas, kuma duk digiri ɗaya da ya hau kan haka yana zaftare masa kusan kashi 0.4 cikin 100. A tsakiyar bazara, lokacin da farantin kan yi zafin da hannu ba zai daɗe a kansa ba, asarar takan wuce kashi 10. Shi ya sa mai basira ba ya shimfiɗa shi a ƙasa. Yakan ɗora shi kan ƙarfe, iska ta riƙa bi ta ƙarƙashinsa.

Yadda abin yake aiki ba shi da sarƙaƙiya. A cikin farantin akwai ƙananan falle-falle na sinadarin silikon. Haske na sauka a kansu sai wuta ta taso, ta bi waya zuwa wani ɗan akwati da ke daidaita ta, daga nan ta juya injin da ke tura ruwa. Babu fulogi, babu baƙin mai, babu igiyar da za a yi ta fizga da asuba. Batir ma ba dole ba ne. In an ɗaura tanki a sama, famfo ya cika shi da rana, ruwan ya gangaro da kansa da yamma, tankin ya zama shi ne ma'ajiyar ƙarfin.

Tunanin ya girmi kakanninmu. A 1913 wani Ba'amurke, Frank Shuman, ya kafa inji a Ma'adi kusa da Alƙahira, yana tara hasken rana da madubai ya tafasa ruwa, tururin ya janyo ruwan Nilu zuwa gonaki. Yaƙin Duniya na Ɗaya da arahar mai suka kashe aikin. Farantin silikon sai a 1954 ya fito a Amurka, yana mayar da kashi 6 kacal na hasken zuwa wuta, na kasuwa a yau kuwa suna kai kashi 20. Ƙasar Hausa ma tana da nata gwanin: Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, ya shafe shekaru yana jagorantar ofishin binciken makamashin rana na Nijar, kuma sunansa jami'ar Yamai take ɗauke da shi.

To me ya juyo da hankalin manomanmu yanzu? Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Mai tumatir a Danja, da mai lambu a bakin madatsar Mairuwa ko Gwaigwaye, kowa ya san jarka nawa injinsa yake sha kafin kaya su nuna.

Sai dai famfon yana da sharuɗɗansa. Maska tana wajen digiri 11 ne arewa da tsakiyar duniya, don haka da rani rana takan karkata kudu, can ya kamata farantin ya fuskanta, a ɗan jingine. Ƙurar hunturu kuma babbar abokiyar gaba ce. Shafa yatsa a kan gilashin bayan kwana biyu na hazo, ka ga layin da zai bari. Wannan ƙurar haske take tarewa, ta rage maka ruwa. A goge da tsumma mai laushi da sassafe, kafin gilashin ya ɗau zafi. Inuwar reshen mangwaro guda a gefe tana iya raunana farantin gaba ɗaya, siririn tiyo mai yawan lanƙwasa kuma yana cinye ƙarfin injin a banza.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwan kansa. Da can tsadar mai ce ke sa a kashe inji da zarar fangali ya cika. Yanzu da rana ke biya, akwai mai barin famfo yana zuba har fangali ya yi ambaliya, taki ya bi ruwa, rijiyar maƙwabci kuma ta fara ja da baya tun kafin watan Maris.