Gaɓar Tekun Da Ba A Ruwa Lokacin Zafi: Ribarta Da Tsadarta

A shekarar 2024 ƙasar Sifen ta karɓi baƙi 'yan yawon buɗe ido kimanin miliyan 94, adadin da ya kusan ninka yawan al'ummar ƙasar. A watan Fabrairun wannan shekarar kuma, hukumomin lardin Kataloniya suka kafa dokar ta-ɓaci saboda fari, aka ƙayyade wa mutane kusan miliyan 6 ruwan da za su yi amfani da shi, ciki har da mazauna birnin Baselona. Labaran biyu tushensu ɗaya, wato yanayin da ke hana saukar ruwan sama a tsawon watannin zafi. Shi ke jawo baƙi da masu zuba jari, shi ne kuma ke janyo ƙishirwa.

Masana yanayi suna kiransa yanayin Bahar Rum, ko da yake bai tsaya a can kaɗai ba. Ana samunsa a yankuna biyar na duniya: kewayen tekun Bahar Rum, da jihar Kalifoniya ta Amurka, da tsakiyar ƙasar Cile a Kudancin Amurka, da yankin Cape Town a Afirka ta Kudu, sai kuma kudu da kudu maso yammacin Ostireliya. In an haɗa su gaba ɗaya, ba su wuce kimanin kashi 2 cikin ɗari na faɗin ƙasar duniya ba. Wannan ƙarancin yana daga cikin dalilan da suka sa filaye da gidaje ke tsada a yawancinsu.

Yadda yanayin yake

Duk yankunan biyar suna gefen yammacin nahiyoyinsu, tsakanin digiri 30 zuwa 45 arewa ko kudu da layin da ya raba duniya biyu. Idan lokacin zafi ya kama, wata busasshiyar iska mai nauyi da ke saukowa daga sama takan mamaye su, ta hana hadari haɗuwa har tsawon wata uku zuwa biyar. A Kalifoniya da Cile da Cape Town kuma, igiyar ruwan sanyi da ke bin gaɓar teku tana ƙara danne hadarin, tana kuma sassauta zafin. Da shigowar hunturu sai iskar nan ta ja da baya, iskar yamma ta taso daga teku ɗauke da ruwa.

Saboda haka lissafin ya saɓa da wanda aka saba a ƙasar Hausa, inda ruwa ke biyo bayan bazara, lokacin sanyi kuma ya zo a bushe. A can daminarsu ta haɗu da hunturu. Watannin Yuni zuwa Agusta, da manomin Kano ke cikin noma, su ne mafi bushewa a Girka da kudancin Italiya. Ba kuma wai ruwan ne ya yi ƙaranci a ko'ina ba, domin birnin Roma ya fi Landan samun ruwan sama a shekara. Bambancin shi ne yawancin nasa yana sauka ne daga Oktoba zuwa Maris.

Abin da ya fi sauran ƙasashe masu zafi da shi

Babban abin da ke jan mutane shi ne zafi ba tare da laima ba. Jikin ɗan Adam yana hucewa ne idan zufa ta bushe. A Legas ko Singafo, inda iska ke cike da danshi, zufa ba ta bushewa da sauri, sai digiri 31 ya gallabi mutum dare da rana. A birnin Atens na Girka ma'aunin zafi yakan haura haka a watan Yuli, amma da mutum ya shiga inuwa sai ya sami sa'ida. Haka nan kaya a rumbu ba sa yin fumfuna kamar yadda suke yi a ƙasashen kurmi.

Na biyu shi ne tabbas. Jihar Fulorida ta Amurka da tsibiran Karibiyan suna da ɗumi da bakin teku, amma lokacin zafinsu shi ne na ruwa, kuma daga Yuni zuwa Nuwamba ana zaman ɗar-ɗar saboda mahaukaciyar guguwa. Dubai da maƙwabtanta ba sa fama da ruwa, sai dai zafinsu yakan wuce digiri 40 tare da laimar teku, abin da ya sa kasuwar otal-otal ɗinsu ta fi ci da hunturu. Gaɓar Bahar Rum kuwa bushewarta ta dace daidai da dogon hutun makarantu da ma'aikatu na Turai. Bature ɗan Jamus ko Ingila yana iya biyan kuɗin masauki tun watan Janairu, da yaƙinin cewa ruwa ba zai ɓata masa hutun Agusta ba. Irin wannan tabbas na hasken rana yana cikin abin da ya ja masu shirya fina-finai zuwa Los Angeles tun wajen shekarar 1910.

Na uku shi ne noma. 'Ya'yan itace da suka nuna cikin busasshiyar iska sun fi zaƙi, kuma ba sa saurin ruɓewa ko kamuwa da cuta. Shi ya sa zaitun da inabi da ɓaure da lemo suka zauna a waɗannan yankuna. Kalifoniya kaɗai tana samar da kimanin kashi 80 cikin ɗari na almon ɗin duniya, da fiye da kashi 90 na tumatirin gwangwani da ake nomawa a Amurka. Manoman rani na Kadawa a jihar Kano sun san wannan hikimar, domin tumatir ya fi albarka idan ruwa na zuwa ta ƙasa, sama kuma a bushe take.

Yankunan da ke kudancin duniya suna da ƙarin riba, tun da kakarsu tana zuwa ne sa'ad da gonakin arewa ke cikin sanyi. Cile ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da 'ya'yan ceri, kuma akasarinsu ƙasar Sin ake kai wa gab da bikin sabuwar shekararsu. Tuffa mai yawa da ake sayarwa a kasuwannin Nijeriya daga gonakin Elgin da Ceres na kusa da Cape Town take fitowa.

Tsadar da ake biya

Sai dai buƙatar ruwa ta gona da otal da gidaje tana kai ƙololuwa ne daidai lokacin da ba ya sauka. Tattalin arzikin waɗannan yankuna ya dogara sosai a kan abin da aka tara a madatsun ruwa da hunturu. In hunturu biyu ko uku suka zo a bushe, to, lamari ya ɓaci.

Haka ta faru a Cape Town bayan ƙarancin ruwa daga 2015 zuwa 2017. A watan Fabrairun 2018 aka ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a rana, har aka sa ranar da za a rufe famfunan birnin, kafin tsimi da saukar ruwa su kawar da ita. Tsakiyar Cile ta shiga dogon fari tun daga 2010. Birnin Perth na Ostireliya kuwa, da ruwansa ya yi ta raguwa tun shekarun 1970, ya buɗe masana'antar cire gishiri daga ruwan teku a 2006, hanyar da ke cin wutar lantarki da kuɗi masu yawa.

Fari a can yana taɓa aljihun mutanen nesa. Sifen ita ce ta ɗaya a duniya wajen samar da man zaitun. A kakar 2022 zuwa 2023 abin da ta samar ya faɗo zuwa kimanin tan dubu 665, daga kusan tan miliyan ɗaya da rabi a kakar da ta gabata. Farashin ya ninka fiye da sau biyu, har ya kusa Yuro 9 kowane kilo a Janairun 2024, bai sauko ba sai da amfanin gona ya farfaɗo.

Ga kuma gobarar daji. Ciyawar da ruwan hunturu ya tsirar takan bushe ƙayau, ta zama makamashi. Gobarar garin Mati na Girka a Yulin 2018 ta hallaka mutum sama da 100, ta Los Angeles a Janairun 2025 kuma ta cinye gine-gine fiye da 16,000. Tun kafin wannan, wasu manyan kamfanonin inshora sun rage karɓar sababbin gidaje a Kalifoniya. Zafin ma yana ƙaruwa: a ranar 11 ga Agusta, 2021, an auna digiri 48.8 a tsibirin Sisili na Italiya, mafi tsanani da aka taɓa tabbatarwa a Turai.

Cunkoson baƙi ya jawo tsadar haya, har gwamnatoci suka fara taka birki. A watan Afrilun 2025 Sifen ta soke tsarin da ta kafa a 2013 na bai wa baƙo izinin zama in ya sayi gida na Yuro 500,000. Hukumar birnin Baselona kuma ta sanar a 2024 cewa za ta janye lasisin gidajen hayar 'yan yawon buɗe ido kimanin 10,000 nan da ƙarshen 2028.

Ga ɗan kasuwar da ke shigo da tuffa ko man zaitun ko tumatirin gwangwani, labarin ruwan hunturu a Cape Town da Sifen da Italiya manuniya ce ta farashin da zai tarar bayan wata shida zuwa shekara. Mai niyyar sayen gida ko gona a can kuwa, ya kamata ya fara bincikar inda ruwan wurin ke fitowa, da haƙƙinsa a kansa, da kuɗin inshorar gobara, kafin ya yi maganar farashi.