Ƙananan motocin tsere: a buɗe ido kafin a tura kuɗi

Tun da Lewis Hamilton ya bar Mercedes ya koma Ferrari a 2025, ba wuya mai bin tseren Formula 1 ya ci karo da tallar 'yar jar mota mai lamba 44 a Instagram ko Facebook. Kwaikwayon motar gaske ce, an ƙera ta har da tambarin kamfanonin da ke jikinta. Tara irin waɗannan motoci tsohuwar sha'awa ce a Turai da Japan, kuma ba aibu a cikinta. Inda ake cutuwa shi ne wurin saye.

Hoto ba ya faɗin girma. Lambar da ke jikin talla ita ke faɗa. In ka ga 1:43, ana nufin an rage motar gaske sau 43. Motar Formula 1 ta kai kusan mita biyar da rabi, don haka abin da zai iso hannunka bai wuce santimita 13 ba, tafin hannu ya ɗauke shi. Mai 1:18 tana kai santimita 30, mai 1:64 kuwa ba ta kai 9 ba. Mai talla ya san yadda zai kusanto da kyamara har ƙaramar ta cika fuskar waya, kai kuma ka biya kuɗin babba.

Sai sunan maƙera. Bburago da Hot Wheels na masu ƙaramin ƙarfi ne. Minichamps na Jamus da Spark sun fi su kyan aiki da tsada nesa ba kusa ba. Amalgam da ke Biristol a Ingila kuwa, motarsa mai 1:8 dubban fam ake sayar da ita. Duk wanda ya yi maka tayin Spark a farashin Bburago, to da walakin goro a miya: ko jabu ce, ko ta karye an liƙe, ko babu motar ma gaba ɗaya. Ka nemi ya ɗauko hoton kwalin ta kowane gefe, da faifan da aka ɗaure motar a kai, inda galibi ake rubuta sunan direba da tseren da shekarar. In ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka.

Abin da aka yi motar da shi ma abin dubawa ne. Wasu zubin ƙarfe ne, haɗin tutiya da alminiyom. Wasu, musamman na Spark, da rezin ake yin su, wata irin roba mai tauri wadda ke fitar da zane tsaf amma ba ta jure faɗuwa. Ko wace iri ce, rana abokiyar gabarta ce: tana koɗar da fenti, zafi kuma yana sa tambarin ya ɗago. Ga mai zaune a Kano ko Damagaram wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kada a ajiye ta bakin taga ko gaban gilashin mota. Ƙurar hunturu kuma kada a goge ta da tsumma, domin fiffiken gaba da madubin gefe da 'yar eriyar da ke kan hanci sukan tafi tare da tsumman. Buroshi mai laushi ya isa, murfin da ta zo da shi kuma ya fi komai.

Iyaye su lura: yawancin masu tsadar an rubuta a kwalinsu cewa ba na yaron da bai kai shekara 14 ba ne. Guntayen da ke ɓallewa yaro na iya haɗiye su su shaƙe shi.

Akwai kuma zancen nan na cewa ƙididdigaggu aka ƙera, gobe za su yi tsada. Wasu kan yi, amma da yawa ko kuɗinsu ba sa mayarwa, balle in kwalin ya yage ko ya ɓata. Motocin sabuwar kakar tsere sukan ɗauki watanni kafin su fito, shi ya sa ake karɓar kafin alƙalami, kuma nan ne 'yan damfara ke laɓewa. Kada a tura wa baƙo kuɗi kai tsaye a asusunsa. A bi ta shagon da ke mayar da kuɗi in kaya bai iso ba, a kuma haɗa kuɗin dako da na kwastan cikin lissafi tun farko, domin kan ƙaramar mota guda suna iya kusantar kuɗin motar kanta.