TSOHUWAR TAYA A GIDA: ABIN DA TAKE YI WA RUWANKA DA ƘASARKA



Yau ba maganar zuma ko habbatus sauda za mu yi ba. Fito tsakar gida ka ɗaga kai. Akwai taya a kan rufin kwano, wadda aka danne shi da ita saboda iska? Akwai wata a bayan ɗaki ko a bakin rijiya? To ita ce maganarmu.

Leƙa cikinta bayan an ɗauke ruwa. Duk yadda ka juya taya sai ruwa ya maƙale a ciki, ga inuwa ga ɗumi, sauro kuwa ba ya neman fiye da haka. Wanda ya fi son ta shi ne mai ɗigon fari a ƙafafu, mai cizo da rana tsaka, wanda likitoci ke kira Aedes. Shi ke yaɗa shawara da zazzaɓin dengi. Ƙwansa kan manne a jikin tayar ya yi watanni a bushe bai mutu ba, ruwan farko na sauka ya ƙyanƙyashe, cikin kwana 7 zuwa 10 ya zama sauro. A cikin tsofaffin tayoyin da aka yi safararsu daga Asiya wani jinsinsa ya shiga Amurka, aka gano shi a jihar Texas a 1985. A 1991 an gan shi a jihar Delta. Ka ga gidan sauron da kake kwana ciki bai tsare ɗanka da ke wasa da hantsi a gefen tayar ba.

Sai ita kanta tayar. Ba roba zalla ba ce, akwai waya, da baƙin gari irin na kunkunniya, da sinadarin zinki, da magungunan hana ta tsagewa. Tayar da ke ajiye lafiyarta lau a hankali take sakin waɗannan, ba za mu tsorata ka ba gaira ba dalili. Amma in ta soma ruɓewa tana marmashewa, ruwan sama na wanke ta zuwa ƙasa da rijiya. A 2020 masu bincike a Jami'ar Washington sun gano cewa wani sinadari daga taya ne ke kashe wani nau'in kifi a rafukan yankinsu, duk lokacin da ruwan sama ya wanko titi. Don haka cire ta daga bakin rijiyar da kuke sha kuke alwala, a gina bakin da siminti.

Babbar ɓarnar dai tana wajen ƙonawa. Taya in ta kama wuta narkewa take, ta zubar da baƙin mai da ke nutsewa cikin ƙasa, tokarta cike da zinki. Lura da wurin da aka taɓa ƙona ta, ciyawa ma daƙyar take fitowa. Hayaƙin kuwa yana ɗauke da sinadaran da aka tabbatar suna jawo kansa, ban da tayar da asma da tarin yara.

Kuma wai da wannan wutar ake babbake kai da ƙafa da ganda! Mun sani, taya ta fi itace araha, wutarta ba ta saurin mutuwa, shi ya sa ake yi. Amma fata mai kitse ce, tana shan hayaƙin, kankarewa da wanki ba sa fitar da shi duka. Uwargida, in kin sayo ganda ki sansana, warin taya ba ya ɓuya. Maigida, ranar layya kar ka miƙa wa yara kan rago ka ce su je a babbako ba ka san inda za su kai ba. A yi da kara, ko itace, ko gas.

Wadda ke kan rufi, huda ta wuri huɗu ko biyar ta ƙasa don ruwa ya tsiyaye. Wadda yara ke zama a kai, cika ta da yashi. Wadda aka yanka dabbobi na shan ruwa a ciki, a zubar a goge cikinta duk mako, don zubarwa kawai ba ta cire ƙwan. Sauran kuma kai wa masu yin takalmin taya, suna so.

A tura wa maƙwabta, don sauron gidansu ba ya tsayawa a katanga. Allah Ya ƙara mana lafiya.