Me ya haɗa cire takalmi da tashin jirgi a Turanci?

A filin jirgin sama, idan jami'in tsaro ya ce maka "take off your shoes", takalmi yake so ka cire. An jima kuma sai ka ji matuƙi ya ce jirgi zai "take off", wato zai tashi. Kalmomin ba su canza ba, amma ma'ana ta sha bamban.

Sirrin yana cikin "off", wadda ke nuna rabuwa: takalmi ya rabu da ƙafa, tayar jirgi ta rabu da ƙasa. Daga tashin jirgin aka ari maganar aka ba kasuwanci. Idan an ce sana'a ta "take off", to kasuwa ta buɗe ke nan, ciniki ya kankama. Mutum ma yakan "take off", ya yi wuf ya kama gabansa ba sallama.

To yaya za ka bambance? Duba ko akwai karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa. In akwai, galibi cirewa ce: riga, hula, har rana guda daga aiki, kamar "take Friday off". In babu, tashi ne.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne wakilin suna, don dole ya shiga tsakiya. "Take it off" ake cewa, ba "take off it" ba.