Mazda RX-7: tsakanin FC da FD

Motocin 'yan Kwatano da suka riƙa bi ta duwan ɗin Ɗan Issa zuwa Jibiya, kafin Najeriya ta hana shigo da mota ta kan tudu a Janairun 2017, kusan duk tsarin injinsu ɗaya ne: fistan na hawa yana sauka. Shi bakaniken Maraɗi ya sani, ko a Corolla ko a Fijo. Mazda RX-7, 'yar Hiroshima, ta fita zakka. Injinta ƙirar Bajamushe Felix Wankel ne, ba fistan ko ɗaya. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku ke juyawa cikin ɗaki mai siffar kwanson gyaɗa. Biyu ne a injin 13B, jimillarsu cc 1,308 kacal, amma ya fi injinan da suka fi shi girma tashi.

Masu tara tsofaffin motoci sun daɗe suna gardama kan zubi biyu. FC ta fito a 1985, mai turbo ɗaya, ƙarfin doki 185 a Japan, ya ƙaru zuwa 205 a 1989. FD ta biyo baya a 1991, shekarar da Mazda 787B ta ci tseren Le Mans a Faransa. Turbo biyu gare ta, na farko ya fara aiki, na biyu ya kama masa idan inji ya ɗau wuta. Ta fara da doki 255, ta kai 280. An rufe ta a 2002 da Spirit R, guda 1,500 kawai.

Wajen kyau da gudu, FD ta yi gaba, ba musu. Amma a buɗe gaban motar a gani. Ƙananan tiyon roba ne rututu, su ke ba turbo ɗin umarni, kuma zafin injin kan gasa su har su tsage. Guda ɗaya ya huje, mota ta yi sanyi, bakanike ya yini yana lalube. Ga zafin watan Afrilu a ƙasarmu, ga ƙurar hunturu, ga man kwalba na bakin hanya. Ni dai FC zan ɗauka. Kayan cikinta ba su da sarƙaƙiya haka, kuma an ƙera ta da yawa sosai fiye da ƙanwarta, don haka kayan gyaranta ba su kai na FD tsada ba.

Ciwonsu ɗaya ne: siraran ƙarafan da ke toshe bakin kowace kusurwa. Da sun cinye, inji ya rasa matsi, ya ƙi tashi da zafinsa. Kuma da gangan injin ke shan baƙin mai don ya jiƙa su, wanda bai sani ba sai ya ce zobe ne ya mutu.

Mai kwaɗayin Spirit R kuma ya san cewa don kasuwar Japan aka yi ta, sitiyarinta a dama yake, dokar hanya ta Najeriya kuwa ba ta yarda da irin wannan ba.