Nasiha Ga Malaman Allo A Kan Koya Wa Yara Zayyana Da Aikin Hannu

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci hannu, ya tsaga masa yatsu, ya hore masa alƙalami. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, ya ku 'yan'uwana malamai da alarammomi, da ku attajirai da fatake masu karanta wannan shafi, ina roƙon ku saurare ni game da wani abu da ke sulalewa daga hannunmu, mu kuwa muna zaune muna kallo.

Kwanan baya aka yi saukar wani almajirina. Da uban ya kawo allon zayyana, na karɓa na duba, sai na ga ashe takarda ce da inji ya buga, aka sayo a kasuwa aka manna a kan allo. Na juya wajen gardawan da ke zaune, na ce wa zai iya zana irin wannan da hannunsa? Kowa ya sunkuyar da kai. Na ce to, wa ya iya dafa tawadar takarda? Babu wanda ya amsa sai dattawa biyu. Ran nan ban yi barci sosai ba, domin na san laifin ba na yara ba ne. Namu ne. Mun koya musu baki, mun manta da hannu.

Ku tuna yadda aka rene mu. Kafin a rubuta mana wasali ɗaya, sai da aka sa mu wanke allo, mu goge shi, mu jingina shi a rana. Mu ne masu yanko gamba, mu ne masu kankaro baƙin tukunya, mu ne masu tsinto ƙaro a daji. Kowane yaro da kurtunsa rataye. Ko sunayen babbaƙu da malamanmu suka sa mu rerawa, in kun lura, siffa su ke faɗi: ɗa mai hannu, ain baki wofi, ha kuri, mim jaye. Watau tun daga ranar farko ana nuna wa yaro cewa harafi yana da hannu, da baki, da wutsiya, sai ya kalla da kyau kafin ya iya fitar da shi. Ashe makarantar allo ɗakin koyon zane ce tun asali, ba mu dai kira ta da wannan suna ba.

Kada wani ya ce wannan ƙaramin al'amari ne. Allah Maɗaukakin Sarki ya yi rantsuwa da alƙalami, har akwai sura guda mai sunansa. Waziri Ibn Muƙla na Bagadaza, wanda ya rasu a shekara ta 940, shi ne ya auna haruffa da ɗigon bakin alƙalami, da tsawon alif, da da'ira, har rubutu ya sami ma'auni kamar yadda hatsi ke da mudu. Shehu Ibn Haldun kuwa, wanda ya rasu a Masar a 1406, ya lissafa rubutu cikin sana'o'i a littafinsa Muƙaddima, ya nuna cewa kyawunsa yana bin ƙarfin gari da samun masu koyarwa. In gari ya yi rauni, rubutunsa ma sai ya lalace.

Mu ma nan ƙasarmu ba a bar mu a baya ba. A Barno an sami wani Alƙur'ani na hannu mai ɗauke da tarihin shekara ta 1080 bayan Hijira, watau 1669. Turawan da suka zo Barno a shekarun 1820 sun ba da labari cewa a kan ɗauki Alƙur'anan da marubutan ƙasar suka rubuta a ƙetare hamada da su a sayar. Takardar da a ke rubutu a kanta, mai tambarin wata uku, daga Italiya ta ke fitowa, ta bi ta Tarabulus, raƙuma su kawo ta Kano da Kukawa. Ku duba fa, attajirai: takarda ta zo mana fara, ta koma da daraja ninki ba ninki, ba don kome ba sai don hannun malami ya bi ta kanta. A zamaninmu ma, wa bai san rubutun marigayi Sharif Bala na Gabari a Kano ba, wanda aka buga Alƙur'aninsa ya shiga tsangayu da yawa? Har mus'hafin da ma'aikatar Madina ke bugawa, wadda aka buɗe a 1984, hannun mutum ne ya fara rubuta shi, watau Usman Ɗaha mutumin Sham. Inji ba ya ƙaga kome, abin da hannu ya ba shi ya ke yawaitawa. In hannun ya ƙare, me za a ba injin?

To, ga abin da na jarraba a makarantata, na kuwa ga amfaninsa. Ranar Alhamis babu karatu. Sai na ware hantsinta, sa'a ɗaya ko biyu, don aikin hannu kaɗai, na raba yara bisa ga ƙarfinsu.

Ƙanana, 'yan shekara biyar zuwa bakwai, ba na ba su tawada. A share fili a baza rairayi, kowa ya sami tsinke. Su ja layi a tsaye, su ja a kwance, su yi gicciye, su kewaya da'ira, in ta karkace su shafe da tafin hannu su sake. Rairayi ba ya ƙarewa, ba ya kuma tona asirin mai kuskure. Bayan wannan sai a kwaɓa laka. Yaro ya murza ta ta zama kamar igiya, ya lanƙwasa ta ta yi ciki kamar ƙoƙo, ya dunƙula ɗan ƙwallo ya ajiye a sama, ga nun. Ya buɗe ta kaɗan, ya mai da ƙwallon ƙasa, ga ba. A shanya su a rana, da yamma kowa ya kai wa uwarsa. Na rantse, yaron da ya gina fa da ƙaf da yatsunsa, ya sa wa ɗaya ɗigo a ƙasa, ɗaya a sama, kamar yadda mu ke rubutawa, da wuya ya sake rikita su a allo. Sai dai a kiyaye ladabi: haruffa ɗai-ɗai kaɗai a ke yi a ƙasa. Ba a rubuta aya ko sunan Allah inda ƙafa za ta taka.

Titibirai, waɗanda suka fara rubuta allonsu, su ne masu alƙalami da tawada. Kowa ya zaɓo karan gamba da kansa, ya koyi bambanta busasshe mai ƙwari da mai ɓargo. A gaban malam a ke feƙewa, saboda wuƙa. Ya feƙe guda biyu, ɗaya mai faɗin baki, ɗaya siriri, ya tsaga bakin kaɗan don ya riƙe tawada, sa'an nan ya ja layi da kowanne ya ga bambanci da idonsa. Tawada kuwa iri biyu za su haɗa. Ta allo, a niƙa gawayi ya yi laushi, ko a kankaro baƙin tukunya, a jiƙa da ruwan ƙaro, a tace. Ta takarda, wadda a ke ce wa yambari, a jiƙa 'ya'yan bagaruwa, irin waɗanda majema ke jima da su, tare da guntayen baƙin ƙarfe, a dafa, a sa ƙaro. Sai malam ya ce kowa ya rubuta da duka biyu a guntun takarda, in ta bushe a ɗiga ruwa. Ta gawayi za ta dame, domin bisa kawai ta ke zaune, ƙaro ne ke riƙe da ita, ruwa kuwa yana narkar da ƙaro. Ta bagaruwa za ta tsaya, domin baurin bagaruwa da ƙarfe in sun haɗu su kan yi baƙi su kama jikin takarda. Daga nan yaro ya fahimci dalilin da ya sa a ke wanke allo kullum, littafi kuwa ya yi shekara ɗari uku. Gani ya kori ji.

Mako na gaba sai launi. A buɗe musu Alƙur'ani na hannu, a ce su faɗi abin da suka gani: babbaƙu da baƙi, wasula da ja, hamza da rawaya, ɗigon alifin sadarwa da kore. Su gane cewa launi a nan ba ado kaɗai ba ne, jagora ne ga mai karatu. Sa'an nan su nemo launukan da kansu. Ja daga jar ƙasa da aka tace, ko daga karan dafi da ɗan kanwa, irin wanda a ke rina fata da shi. Rawaya daga gangamau. Shuɗi daga shunin marina. Ranar da na ce wa wani ƙaramin yaro ya zuba ruwan shuni cikin na gangamau, ya ga kore ya fito, sai ya yi tsalle ya ce, "Allah gafarta Malam, wa ya sa ganye a ciki?" Na ce, "Kai ka sa, ɗana." Har yau bai manta ba.

Manya kuwa sai a shiga da'ira da su. Ba sai an sayi kayan awo ba. Ƙusa da zare da alƙalami sun isa. A kafa ƙusa, a ɗaura zare, a kewaya. Kada a sake tsawon zaren. A mai da ƙusar bakin da'irar a sake kewayawa, a bi haka daga mahaɗa zuwa mahaɗa. Sau shida daidai za a dawo inda aka fara, fure mai kunne shida ya bayyana a tsakiya. Ko da'irar ta kai faifai, ko ta yi kamar kwabo, shida ɗin nan ba ta sakewa. Wannan lissafi ne ya shiga kan yaro ta yatsunsa. Daga nan sai a koya masa alamar aya mai ƙwallo uku, da kumsa ta aya biyar, da kuri ta aya goma, sa'an nan zanen gefe na sumuni, da rubu'i, da nusufi, da hizbi, da sujada.

Ƙarshen aikin shi ne gayya. In wani ya kusa sauka, 'yan'uwansa ne za su yi masa allon zayyana. Wannan ya ja layin gefe, wancan ya kewaya da'ira, ƙanana su cika gidaje da ja da rawaya, mai kyawun hannu ya rubuta Fatiha da farkon Baƙara. Ba zai kai na kasuwa santsi ba, amma ranar da mai sauka ya ɗauke shi yana zaga dangi, kowane yaro zai nuna da yatsa ya ce, nan ni na yi.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko, wai wasa ne, zai ci lokacin hadda. Ni abin da na gani, yaron da ya saba tsai da hannunsa a kan layi ya fi saurin tsai da hankalinsa a kan allo, ranar hutu kuma muka ɗauka, ba ranar karatu ba. Na biyu, wai zane haramun ne. Abin da malamanmu suka tsananta a kai shi ne sassaƙa siffar abu mai rai cikakkiya, mai inuwa. Sun kuma yi rangwame ga 'yar tsanar yara mata, domin Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta yi wasa da ita a gidan Annabi. Layi, da da'ira, da dagi, da ganye, da harafi, babu wanda ya hana.

Bari in faɗi laifina, ko wani ya tsira daga irinsa. Shekarun baya ina da wani almajiri, ba ya zama wuri ɗaya, kullum sai na tarar ya cika bangon zaure da zanen gawayi. Na yi ta dukansa har ya daina. Da ya daina zanen, sai ya daina dariya, karatun ma ya tsaya cik, daga baya ya gudu. Da na san abin da na sani yanzu, da takarda na ba shi maimakon bulala. Saboda haka na kafa wa kaina doka uku a ranar aikin hannu: ba duka, ba na karɓe alƙalami daga hannun yaro in gyara masa, ba na kuma yabon aikin ɗaya in wofintar da na sauran. In ya karkace, sai in ce, "Duba da kyau, ina ya kauce?" Shi da kansa zai gano.

Ku kuwa attajirai, ga rabonku. Kun fi kowa sanin cewa zanen aska takwas da tambari da ke gaban babbar riga, malamai ne da ma su kan zana shi kafin maɗinki ya sa allura. Hannun da ya iya zayyana shi ne zai iya zanen hula, da adon gafaka da tadarishi, da zanen bango, da rubutun allon kanti. Yaro mai wannan a hannunsa ba zai tsaya ƙofar rumfarku da ƙoƙon bara ba, sai dai ya zo da kayan sayarwa. Bandir ɗaya na takarda, da mudun ƙaro, da ƴan wuƙaƙe, ba su kai kuɗin goron suna ba, sun kuwa isa makaranta guda wata da watanni. Ku kai wa malamin unguwarku. In kuma za a yi saukar ɗanku, ku nemi allon da hannu ya zana, ku biya mai shi da daraja, domin abin da ba a saye ba a koyonsa.

Malamai, in akwai dattijo a garinku da ya iya dafa yambari ko zana hizbi, ku ɗauki yara ku je masa wannan Alhamis ɗin, kada ku jira ta gaba. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi, dattijon kuma ba zai jira mu ba.

Allah ya ba mu ikon riƙon amanar yaran da aka danƙa mana, ya gafarta wa malamanmu da suka kama yatsunmu suka ɗora a kan allo. Amin. Haza wasalam.